Bencin Gidanmu Mai Ƙofa

Lahadi, 1 ga Maris 1987
Wai za a cire benci biyu na baya a coci don keken guragu ya samu wuri. Ɗaya namu ne, mai 'yar ƙofa, wanda kakan kakana ya saya tun ana kan ginin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare Fasto Thayer, ya ce, "Malama Edith, ƙuri'ata ɗaya ce kamar taki. Jama'a ke yanke hukunci." Mutumin nan ya iya zamewa.

Laraba, 4 ga Maris
Duk saboda Orrin Pell ne, da ɓarin jikinsa ya shanye. Na je wa matarsa Wilma da tarihi: ba a taɓa canja komai a ginin nan ba. Ta fashe da dariya. "Ke Edith! Ba da shanu aka jawo cocin daga kan tudu ba? Ba kakarki ce ta yi fushin shekara don an kawo murhun ɗumama coci ba, ƙarshe ta fi kowa manne masa?" Ni da nake rubuta tarihin cocin, ni za a koya wa. Abin haushi, gaskiya ta faɗa.

Asabar, 7 ga Maris
Dusar ƙanƙara. Ban fita ba, ban huce ba.

Lahadi, 15 ga Maris
Sun ajiye Orrin a zaure, cikin sanyi, bargo a gwiwa, ƙofa a buɗe don ya ji. Mutumin da ya tsufa yana ja mana waƙa. Da na zo wucewa ya ce da rabin baki, "Bencinki lafiya?" Tsokana ce ko me, oho. Iska ta dame ni har aka tashi.

Lahadi, 22 ga Maris
Taron jama'a. Masu goyon baya suka ɗaga hannu, ban ɗaga ba. Da aka kira masu adawa, kowa ya juyo yana kallona. Nan ma ban ɗaga ba; ina neman hankicina a jaka ne, shi ke nan.

Lahadi, 12 ga Afrilu
An cire. Na zauna gaba, benci ba ƙofa, kamar a tasha. Ana cikin waƙa sai ga muryar Orrin daga daidai inda bencinmu yake a da, tana makara, tana rawa. Ban juya ba.

To, na juya sau ɗaya.