Tarakta da tsayayyen layi

Lahadi, 24 Yuli 2022
Malamata Daktora Safiya ta mayar mini da aikina na kammala jami'a. Wai na karanta alamar lissafin yiwuwa, P(asara | makara), a baibai. Ni da na tara bayanan gonakin garinmu Ƙala'at an-Nahal da ƙafata, na koya wa kwamfuta hasashen amfanin riɗi. Gonakin da suka yi asara kusan duk sun makara da shuka. Me ya rage? Ban gyara komai ba.

Talata, 26 Yuli
Baba ya kira. Tarakta ta haya sai jibi za ta iso gonarmu. Na ce masa an makara, kada ya zubar da irinsa. Ya ce, "Tayyib, Mairo, ke kika yi karatu." Zai bar wa wani layinsa na tarakta, ya tafi ƙwadago a gonakin Gedambaliya. Da wannan gwiwar tasa mai ciwo.

Laraba, 27 Yuli
Daktora ta sake tare ni, gaban mutane kuma. Wai abin da ke bayan tsayayyen layin nan na tsakanin asara da makara shi aka riga aka sani, na gabansa ake tambaya. Ni na ƙirga masu makara cikin masu asara, alhali tambayar ita ce masu asara cikin masu makara. Na ce duk ɗaya ne. Ta ce, "Ya bitti, 'yata, a garinku wa ke shuka da wuri?" Na ji haushi ƙwarai. Matar da ba ta taɓa taka laka ba.

Alhamis, 28 Yuli
Wa ke shuka da wuri? Ba kowa. Sai masu taraktar kansu. Mu duk jira muke.
Na juya lissafin, don in kunyata ta kawai. Yawancin waɗanda suka makara sun girbe riɗinsu lafiya.

Asabar, 30 Yuli
Ina gida. Na bi Ɗanlami mai tarakta gona gona har ya yarda zai dawo mana gobe. Roƙo na yi, ba zan ɓoye ba. Baba ya riga ya ɗaure kayan tafiya. Na ce kwamfuta ce ta canza magana. Ya dube ni ya ce, "Ita ma tana da Daktora?"
Har yanzu ina ganin bai kamata ta yi mini haka gaban mutane ba. Na dai kwance masa kayan da kaina.