Yajin Inna a Ɗakin Nasiru

Daren Juma'a, Alƙahira

Inna ta aiko mini da kuka da daddawa da yaji daga Gaya ta hannun Nasiru, abokina tun firamare. Da ya sauka ya ce an ƙwace kayan a filin jirgi. Har haƙuri na ba shi.

Yau na biya ɗakinsa ba sanarwa. Tun daga ƙafar bene ƙamshin miyar kuka ya tare ni. Ga yajin nan a gwangwanin Inna, da tsumman zaninta ɗaure a bakinsa.

Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Mutumina, zauna mu ci."

Na zauna na ci, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Gobe Inna za ta kira ta tambaya ko miyar ta yi daɗi. Zan ce mata ta yi.