Ko Dudu Ya Shigo Jirgi, Shu'aibu

Zuwa ga Shu'aibu, sanyin idona, inuwar tsamiyata in rana ta take, mai muryar da ke sauka a zuciyata kamar ruwan fari a kan busasshiyar fadama. Ina gaishe ka daga sabon gari kusa da Wara, inda aka zuba mu cikin ɗakunan siminti masu kama ɗaya, har Inna kan faɗa ɗakin maƙwabta tana tsammanin nata ne.

Yau kwana arba'in ke nan da aka kwashe mu daga gungunmu, tsibirinmu na tsakiyar kogin Kwara, kai kuwa ka tsaya a gaɓa ka ce ba inda za ka. Sani mai jirgi, wanda zai miƙa maka takardar nan, ya ce tun da aka rufe madatsar Kainji ruwa bai huta ba. Ya shanye mashaya, ya shanye kwamin albasarka na ƙasa, yanzu yana lasar gindin giginya.

Ka tuna ranar da ka fara ɗauko ni a kwalekwale daga kasuwar Yelwa? Da muka iso, ka hana ni sauka sai da ka soka sanda ka auna zurfin wurin, alhali a nan aka haife ka. Ranar na ce wa raina, ga namijin da ba ya yarda da Kwara don kawai ya saba da ita. Ina wannan mutumin ya tafi, farin watana?

An gaya mini yadda kake yi. Mutum goma su zo su ce ruwa na hawa, ka ce 'yan koren gwamnati ne. Mutum ɗaya ya zo ya ce ya ji an ce madatsar ta tsage, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi goro. Hujjarka kullum ita ce tsoho Dudu ya ce tun zamanin kakansa ruwa bai taɓa wuce giginya ba. To, a zamanin kakansa wa ya taɓa toshe wa Kwara hanya? Kuma bari ka ji: Dudu ya iso nan shekaranjiya, da akuyarsa da tukunyar tabarsa. Na tambaye shi maganar giginya, ya ce, "'Yata, ni abin da na gani na faɗa, ban ce na ga gobe ba."

Shi ya sa ban yarda ba, Shu'aibu. Ban yarda cewa kai, mai ido irin na shaho, ba ka ganin abin da makaho zai ji da ƙafarsa. Akwai abin da kake ɓoye mini. Wani lokaci in ce ɗakin da ka gina mana ne, da gumin rani uku a kan jigon ban ruwa, ka kasa juya masa baya. Amma gumin ya riga ya zuba, zamanka ba zai mayar maka da shi ba. Wani lokaci in ce rantsuwar nan ce da ka yi gaban maza a kasuwa, cewa in ka bar gungu a aske maka gemu.

Sai kuma mugun zato ya zo, wanda ya hana ni cin tuwo: ko ni kake gudu? Ko ruwan ya zame maka mafaka ne, don kada kaka ta yi a ɗaura mana aure? Tun da wannan ya shige ni, kome na taɓa sai ya zama shaida. Ka aiko wa Inna busasshen kifi, ni ko gaisuwa babu, na ce ga ta nan. Sani ya ce ya tarar da kai kana dariya, na ce ka huta da ni. Da ya ƙara da cewa ka rame, kuma sau uku kana tambayarsa lafiyata, sai na ce tausayina yake ji. Ƙawata Laraba ce ta dube ni ta ce, "Ke da Shu'aibu duk kanwar ja ce. Abin da kuke so ku ji kaɗai kuke tsinta." Na ji haushinta kwana biyu, don ta faɗi gaskiya.

Saboda haka na daina duba, tambayarka nake yi.

Sani zai jira ka ranar Alhamis har la'asar. In kunyar maza ce, zai sauke ka can ƙasa da mashigi inda ba mai zama. Ko da ma ba haka ba, ba wanda ke zancen gemunka a nan, kowa na kukan gonarsa da kabarin uwarsa. In ɗaki ne, an ware maka naka, ni ke share shi kowace safiya, kuma hannun da ya gina wancan yana jikinka.

In kuwa ni ce ba ka so, rabin raina, ka shigo jirgin duk da haka. Ka zo ka tsaya a kan tudu, ka dube ni, ka faɗa da bakinka. Zan yi kuka, amma zan iya ɗauka. Gara ka ƙi ni kana numfashi da a zo a ce mini kana so na har ruwa ya rufe ka.

Taka ce ni, ko da wace amsa ka sauko daga jirgin, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Zulaihatu