Abin da Ya Hana Aku Karɓar Wayarka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can bakin daga. Allah ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan ƙarar talabijin. Matarka kuma ta koma aiki.

Ka tambaye ni me ya sa 'yarka Aku ta daina karɓar waya idan ka kira. Ba fushi take yi ba, kuma ba wanda ya taɓa ta. A makaranta aka ba su wata waƙar Turanci su haddace, ta kawo mini shago in fassara mata, wai ni ce mai Turancin gidan. Ina kan keken ɗinki, ban tsaya na duba ba, na kama fassara layi-layi. Ashe labarin wani saurayi ne da ya tafi yaƙi yana murna da sabon takalminsa. Ya dawo ko ƙwarzane babu, amma uwarsa ta yi shekaru tana zuba masa abinci ba ta sake jin dariyarsa ba. Kafin in ankara mun kai ƙarshe.

Ka san Aku, bakinta ba ya hutawa, amma ranar sai ta koma tsintar zare a ƙasa. Can ta tambaye ni ko haka ake dawowa. Na ce mata waƙa ce kawai, ta mutanen da. Ta ce to me ya sa tun da aka kai ka can ba ka ƙara tsokanarta a waya ba, sai dai ka tambayi karatu, ka ce ta ba mamanta. Ta ce gara kada ta karɓa, don duk lokacin da ta ji muryarka sai ta ƙara tabbatarwa kai ma ka canza.

Yaya, ni ma na lura da hakan, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ban ce ka faɗa mata abin da kake gani ba. Ka dai kira ta ita kaɗai, ka bar zancen karatu. Kada kuma ka yi dariyar dole, yarinyar nan za ta gane.

Inna tana gaishe ka, Kawu direba da Auta ma haka. Aku ta ce in rubuta maka cewa ta haddace waƙar tsaf, amma ta gaya wa malamarsu ba za ta karanta a gaban aji ba sai ka dawo ta gan ka.

Wassalam,
Ƙanwarka