Gwajin Lissafi Ranar Kasuwa

Ɗana Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya iyali, yaya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, Innarka ma ƙafar ta yi sauƙi.

Maganar ɗiyarka Hauwa'u ce da ke hannunmu. An kawo musu sabon hedimasta daga birni. Bawan Allah ya duba kwanakin mako kaf, bai ga ranar sa gwajin lissafi ba sai ranar kasuwa. Ka san ran nan jirgin tungarmu albasa da kifi yake ɗauka, ba 'yan makaranta ba. Sau huɗu ana rubuta mata sifili, har aka ce za ta maimaita aji biyar.

Na haye na same shi. Na ce, "Malam, da iyo za ta zo?"

Ya ce, "Baba, jadawali ne, na riga na kafa shi a bango."

Na dubi takardar nan, ƙusa ɗaya tak ke riƙe da ita.

Haka na jawo tsohon kwalekwalena, na toshe inda yake yoyo, na kai ta da kaina. Ta ci gwajin, maganar maimaita aji ta mutu. Amma yanzu kowace ranar kasuwa yara bakwai nake tararwa a bakin ruwa, iyayensu suna ɗaga mini hannu daga cikin jirgin albasa.

Ka gaida Rabi da ƙannen Hauwa'u. Ka sa bayana a addu'a, shi kuma hedimasta Allah ya ba shi ƙarfin cire ƙusa.

Mahaifinka.