Damina da Kaset ɗin Hadiza

Zuwa ga ƙanena Sani,

"Kafin damina kaset ɗin koyon Ingilishi zai iso, Yaya." Haka ka ce a ƙofar gidana. Damina ba ta zo ba, kaset bai zo ba, amma ita damina ba ta yi mini alkawari ba.

Bayan haka, ina gaisuwa. Ya Kano, ya iyali? Mu nan Bukoki lafiya, sai layin dawar da sojoji ke rabawa.

Hadiza tawa ba ta jira ka ba. Rediyon Kaduna take kamawa ranar balo, wato ƙwallon ƙafa, tana tsintar kalmomin wasa masu tafiya bibbiyu, irin su "warm up". Shekaranjiya mai horar da 'yan gudu ya zo lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, daga Gana, ita ta yi masa tafinta gaban kowa. Na yi guɗa, wani soja ya harare ni, na ƙara.

Gai da matarka Balki, ku sa Hadiza a addu'a, jarrabawarta bayan Sallar Layya ce. In aka yanka rago ban ga kaset ba, zan daina ce wa Inna kai ke taimakon jikarta.

Yayarka,
Rabi