Labarin Dakon Buhu

Asabar, bayan isha'i, Birnin Kudu.

Na dawo daga Zandam, wajen bikin yaye ɗalibai da aka yi ni babban baƙo. Barci ya ƙi zuwa.

Na buɗe jawabina da labarin baƙauyen da ya cire takalmi a ƙofar banki, ya zaci masallaci ne. A waya na gani wajen wani ɗan barkwanci, amma na ce a kaina ya faru. A zatona yaran ƙauye ba su san shi ba. Ban kai ƙarshe ba suka ƙarasa mini baki ɗaya, har da kwaikwayon muryar ɗan barkwancin.

Na daure na ba su labarin yadda na fara da dakon buhu a kasuwar Gwaram har na mallaki motoci. Wannan kam ko kalma ɗaya ban ara ba.

Da aka tashi, wata ɗaliba ta durƙusa ta gaishe ni. "Alhaji, na dakon buhun ya fi daɗi. Shi kuma na wane ne? Zan nema a waya."

Na ce nawa ne. Ta yi murmushin wadda ba ta son ƙaryata babba.